René Descartes: Shakkar da Ta Nemi Yaƙini, da Rigimar da Ta Bari

Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara amsa tambaya da cikakkiyar jimla, wata tsohuwar muhawara ta sake tasowa: na'ura tana tunani ne, ko kwaikwayo kawai take yi? Duk wanda ya bi diddigin wannan muhawara zai ci karo da sunan wani Bafaranshe da ya rasu tun 1650, René Descartes, wanda ake furta sunansa Dekart. Ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Nijar sun san shi a darasin falsafa. Na Najeriya kuwa suna amfani da aikinsa duk ranar da suka ja layin x da na y a takardar giraf, ko da malami bai ambaci sunansa ba.

Abin da ake faɗa a kansa ya sha bamban. Wasu sun ɗauke shi uban masu musun addini, tunda ya ce a yi shakkar komai. Wasu sun ce Imam Ghazali ya kwafa bai faɗa ba. Wasu kuma shi suke ɗora wa laifin yadda likitancin zamani yake kallon mutum kamar inji. Kowace daga cikin maganganun nan tana da inda ta samo asali, amma ba a iya auna su sai an san zamanin da mutumin ya rayu da matsalar da ya tashi warwarewa.

Turan da ya buɗe ido a ciki

An haife shi ranar 31 ga Maris 1596 a La Haye, wani ƙaramin gari a yankin Touraine wanda yau ake kira da sunansa. Mahaifinsa Joachim ɗan majalisar shari'a ne a birnin Rennes. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara ɗaya, kakarsa ta raine shi.

Faransa a lokacin tana fitowa ne daga yaƙin basasa tsakanin 'yan Katolika da 'yan Furotesta, wanda ya ɓarke a 1562 bai lafa ba sai da Sarki Henri na Huɗu ya fitar da dokar Nantes a 1598. Shi ma sarkin kashe shi aka yi a 1610. Shekara takwas bayan haka yaƙin shekara talatin ya kunno kai a ƙasashen Jamus, ya laƙume miliyoyin rayuka kafin a yi sulhu a 1648. Kusan duk rayuwar Descartes ta girma a cikin wannan yaƙi ta wuce. Kowane ɓangare yana da malamansa da littattafansa, kowa ya haƙiƙance shi ke kan gaskiya, kuma babu wani alƙali da duka biyun suka yarda da shi.

Fagen ilimi ma haka yake rawa. Jami'o'i suna karantar da Aristotle, masanin falsafar tsohuwar Girka, ne kamar yadda malaman coci irin su Thomas Aquinas suka daidaita shi da aƙidar Kirista, inda duniya take tsaye a tsakiya komai yana zagaya ta. Amma tun 1543 Copernicus ya ce duniya ce ke zagaya rana, kuma a 1610 Galileo ya ɗora ido a madubin hangen nesa ya ga wasu watanni irin namu na sama suna zagaya duniyar Jupiter. Idan Aristotle ya yi kuskure a kan sama, me zai hana ya yi a kan saura? Wasu masana, magada tunanin marubucin Faransa Montaigne, sai suka ce ɗan'adam ba zai taɓa samun tabbataccen sani ba, ya haƙura ya bi al'adar ƙasarsa. Hukuma kuwa ta amsa da ƙarfi. A 1619 an ƙone Vanini a Toulouse bisa zargin musun Allah, a 1624 kuma majalisar shari'a ta Paris ta haramta karantar da abin da ya saɓa wa magabatan malamai, tare da barazanar hukuncin kisa.

Daga makaranta zuwa ɗakin murhu

Ya yi karatu kusan shekara takwas a La Flèche, makarantar limaman Jesuit, wata ƙungiya ta cocin Katolika, da Henri na Huɗu ya kafa, sannan ya sami shaidar ilimin shari'a a Poitiers a 1616. Bai taɓa yin aikin lauya ba. Daga baya ya rubuta cewa ya bar makaranta cike da shakku, kuma fanni ɗaya ne kawai ya gamsar da shi, wato lissafi, saboda hujjojinsa ba a jayayya a kansu.

A 1618 ya shiga rundunar Yarima Maurice na Nassau a Breda, ƙasar Holan. A can ya haɗu da Isaac Beeckman, wanda ya nuna masa yadda za a bayyana abubuwa kamar faɗowar dutse ta hanyar lissafi. Shekara ɗaya bayan haka, yana kudancin Jamus lokacin hunturu, ya kulle kansa a ɗaki mai murhu yana nazari. A daren 10 ga Nuwamba 1619 ya yi mafarki uku a jere, ya fassara su da cewa an ɗora masa aikin sake gina ilimi gaba ɗaya a kan hanya guda. Abin lura ne cewa mutumin da ake kira uban hankali tsantsa, da mafarki ya fara, kuma ya ɗauke shi saƙo daga sama.

Wajen 1629 ya tare a Holan, inda ya zauna kimanin shekara ashirin yana sauya gari: Franeker, Amsterdam, Deventer, Leiden, Egmond. Holan ƙasar 'yan Furotesta ce mai arzikin kasuwanci da ɗab'in littattafai, kuma ba a cika sa wa baƙo ido ba. Gadon da ya samu ya ishe shi rayuwa ba tare da ya yi wa kowa aiki ba. Wasiƙunsa suna bi ta hannun abokinsa Marin Mersenne, wani limamin coci a Paris wanda ya zama mahaɗar masanan Turai. A Amsterdam yakan je wurin mahauta ya ga yadda ake feɗe dabba, ya kai sassan gida ya bincika.

A 1633 yana dab da fitar da littafinsa *Le Monde*, wanda ya ginu a kan cewa duniya tana motsi, sai labari ya iso cewa kotun coci a Roma ta hukunta Galileo a kan wannan magana. Nan take ya janye littafin, ba a buga shi ba sai a 1664. Masu tarihi sun rabu a kan dalili. Wasu sun ce tsoro ne, wasu sun ce biyayya ce ta gaskiya ga cocinsa, tunda hannun Roma ba ya kai wa Holan. Akwai kuma bayani na uku mai ƙarfi: burinsa shi ne littattafansa su maye gurbin na Aristotle a makarantun Jesuit, kuma hukuncin coci zai rufe wannan ƙofa har abada.

Mene ne shakkar Descartes?

A nan ne ruɗanin ya fi yawa. A 1637 ya buga *Discours de la méthode* a Leiden, babu sunansa a kai, kuma da Faransanci maimakon Latin, domin wanda bai je jami'a ba ya iya karantawa. A ciki ya kafa ƙa'idoji huɗu: kada ka karɓi abu sai ya bayyana maka sarai, ka rarraba matsala zuwa ƙananan sassa, ka fara daga mai sauƙi ka hau zuwa mai wuya, sannan ka sake bi don kada ka tsallake komai. A 1641 ya faɗaɗa maganar da Latin a littafin *Meditationes*.

Shakkarsa kayan aiki ce, ba masauki ba. Shi da kansa ya ba da misalin mai kwandon tuffa da yake tsoron akwai ruɓaɓɓu a ciki: sai ya juye duka, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da masu kyau. Ya fara da gaɓoɓin ji da gani, waɗanda sukan yaudare mu, kamar hasumiya mai kusurwa huɗu da ake hangowa daga nesa kamar zagayayya. Ya wuce zuwa mafarki, inda mutum yake tabbatar yana farke alhali yana barci. Sannan ya ƙaddara cewa akwai wani mugun aljani mai ƙarfi da wayo da yake ruɗar shi ko a lissafin biyu da uku. Bayan an juye komai, me ya rage? Ya ce ko ana yaudarata, dole akwai ni ɗin da ake yaudara. Daga nan jimlar da ta shahara ta fito: ina tunani, ke nan akwai ni.

Abin da masu kawo jimlar ba su cika faɗa ba shi ne matakin da ya biyo baya. Descartes ya ce a cikin tunaninsa akwai ma'anar wani Cikakke marar iyaka, kuma shi da yake tawayayye ba zai iya ƙago ta ba, saboda haka Allah yana nan. Allah kuwa ba mayaudari ba ne, don haka abin da hankali ya gani sarai gaskiya ne, duniyar waje ma tana nan. Idan aka cire wannan mataki, ginin duka ya rushe. Bugu da ƙari, ya ware addini da ɗabi'a daga shakkar tun farko, ya ce zai ci gaba da bin dokokin ƙasarsa da addinin da aka raine shi a kai.

Kafin a buga littafin na 1641, Mersenne ya rarraba shi ga masana don su soke shi, aka buga sukar tare da amsoshin marubucin. Thomas Hobbes ya ce babu abin da ya hana mai tunanin ya zama jiki ne kawai. Pierre Gassendi ya yi doguwar suka daga ɓangaren masu dogaro da gaɓoɓi. Antoine Arnauld ya kawo wadda ta fi ciwo: ka tabbatar da Allah ta hanyar abin da hankali ya gani sarai, sannan ka ce Allah ne ke lamunce abin da hankali ya gani sarai, ashe ba zagaye kake yi ba? Descartes ya amsa cewa lamunin Allah ana buƙatarsa ne ga abin da ake tunawa an taɓa tabbatarwa, ba abin da ake gani a take ba. Har yau masana ba su haɗu a kan cewa amsar ta wadatar ba.

Batun Ghazali da Ibn Sina

Kamannin da ke tsakanin tunanin Descartes da na waɗannan malamai biyu gaskiya ne, kuma ba ƙarami ba ne. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin tasa shakkar a *al-Munƙiz minal Dalal*. Ya yi shakkar ido, wanda yake ganin inuwa a tsaye alhali tana tafiya, yake ganin tauraro kamar dinari alhali ya fi duniya girma. Shi ma ya kawo hujjar mafarki. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ƙaddara mutumin da aka halitta a rataye cikin iska, ba ya gani ba ya taɓa komai, amma duk da haka ya san akwai shi.

Masu cewa Descartes ya kwafa, da wannan suke kafa hujja. Masu musu suna cewa ba a sami shaidar fassarar *Munƙiz* zuwa Latin a zamaninsa ba, abin da Turawa suka sani na Ghazali shi ne *Maƙasidul Falasifa*. Littafin Ibn Sina a kan rai kuwa an fassara shi tun ƙarni na 12 a Toledo, ya shiga karatun malaman coci, don haka tasirinsa ta bayan fage abu ne mai yiwuwa. Akwai kuma magabaci mafi kusa, malamin Kirista Augustine, wanda ya rubuta tun ƙarni na 5 cewa idan ina kuskure to akwai ni. Arnauld ya nuna wa Descartes wannan kamanni a rubuce.

Bambancin da ya fi muhimmanci yana wurin mafita. Ghazali ya ce ba tsara hujjoji ne ya warkar da shi ba, haske ne da Allah ya jefa a ƙirjinsa. Descartes ya nemi ya fita da hujjar hankali, mataki bayan mataki, yadda kowa zai iya bi. Adalcin magana shi ne tambayar tsohuwa ce da ta ratsa Girkawa da Musulmi da Kiristoci, kuma tarihin falsafar da ya fara daga Descartes kamar babu kowa kafinsa ya tauye haƙƙin waɗannan malamai. Zargin sata kai tsaye kuwa ba shi da shaida.

Inda aikinsa ya fi ɗorewa

Littafin 1637 gabatarwa ce ga wasu rubuce-rubuce uku: kan haske, kan yanayin sama, da kan jometiri, wato lissafin siffofi. Na ukun ne ya canza duniya. Kafin shi aljabara da jometiri fannoni biyu ne, duk da cewa Umar Khayyam ya riga ya warware wasu matsalolin aljabara ta hanyar zana lanƙwasassun layuka. Descartes ya nuna cewa lanƙwasasshen layi ana iya rubuta shi a matsayin alaƙa tsakanin adadi biyu da ba a sani ba, a warware shi da aljabara. Pierre de Fermat ya kai ga irin wannan a daidai lokacin, ba tare da sun haɗa kai ba. Al'adar sa x, y, z ga abin da ake nema da a, b, c ga abin da aka sani, da rubuta ƙaramar lamba a saman harafi, daga wannan littafi ta bazu.

A kan haske ya buga ƙa'idar karkacewarsa idan ya shiga ruwa ko gilashi, ya kuma lissafa dalilin da bakan gizo yake bayyana a kusurwar kimanin digiri 42. Willebrord Snell ya gano ƙa'idar a 1621 bai buga ba, Ibn Sahl kuma ya rubuta ta a Bagadaza wajen 984.

Rai da jiki: tambayar Gimbiya Elisabeth

Descartes ya raba halitta gida biyu. Jiki abu ne mai tsawo da faɗi da ke aiki kamar agogo, rai kuwa abu ne mai tunani da ba ya cin wuri. Wannan ya ba masu bincike damar nazarin jiki da lissafi ba tare da sun shiga hurumin malaman addini ba, ya kuma buɗe hanyar cewa rai ba ya mutuwa da mutuwar jiki.

A watan Mayu 1643 Gimbiya Elisabeth ta Bohemia, 'yar shekara 24 da ke gudun hijira a Hague bayan yaƙi ya kori mahaifinta daga sarauta, ta rubuta masa tambaya. Abu yana motsa abu ne ta hanyar taɓawa, to yaya rai da ba shi da jiki yake ɗaga hannu? Amsarsa ita ce haɗuwar rai da jiki abu ne da ake sani ta rayuwar yau da kullum, ba ta zurfafa nazari ba. Ba ta gamsu ba, ta faɗa masa cewa ya fi mata sauƙi ta yarda rai yana da jiki. A littafinsa na ƙarshe na 1649 kan motsin zuciya, ya ce mahaɗar tana wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira pineal. Wannan ya faɗi wuri ne kawai, bai faɗi yadda abin ke faruwa ba. A nan gimbiyar ce ke da gaskiya, kuma Spinoza da Leibniz da Malebranche kowa ya gina tasa falsafar yana ƙoƙarin cike wannan giɓi.

Yadda abin ya shafi mutane yau

A asibiti ne talaka ya fi haɗuwa da wannan rabo. Kallon jiki kamar inji shi ya haifar da awo da gwaji da tiyata, kuma ya ceci rayuka da ba su ƙirguwa. Illarsa tana bayyana ne ga marar lafiyar da gwaji bai nuna komai a jikinsa ba, a sallame shi a ce lafiyarsa ƙalau alhali damuwa tana cinsa. Masu suka suna kai wannan ga Descartes. Masu kare shi suna tunatarwa cewa ya rubuta ƙarara rai ba ya zaune a jiki kamar matuƙi a jirgin ruwa, kuma lokacin da Elisabeth ta yi fama da zazzaɓi a 1645, baƙin ciki ya ce mata shi ne sanadi.

Kan dabbobi sukar ta fi kama shi. Ya ce su injuna ne marasa tunani, kuma Henry More na Ingila ya ƙalubalance shi a wasiƙa tun yana raye. Binciken zamani bai goyi bayansa ba. A 2015 Faransa kanta ta rubuta a kundin dokokinta cewa dabbobi halittu ne masu rai da ji.

Sai batun na'ura. A kashi na biyar na littafin 1637 ya ce ana iya ƙera na'urar da za ta furta kalmomi idan an taɓa ta, amma ba za ta iya jera magana ta amsa duk abin da aka faɗa a gabanta ba, abin da ko mafi ƙarancin basira a mutane yake iyawa. Alan Turing ya kawo gwaji mai kama da wannan a 1950. Wani ɓangare yau yana cewa manhajoji sun tsallake wannan shinge, don haka hasashensa ya faɗi. Wani ɓangaren yana cewa magana alama ce kawai ya ɗauka, abin da yake nufi da tunani shi ne sanin kai daga ciki, kuma jera kalmomi bai tabbatar da shi ba. Ga wanda yake neman fatawa ko shawarar magani a wurin manhaja, bambancin ba na wasa ba ne, domin daɗin jimla ba ya nuna akwai wanda ya fahimta ko zai ɗauki alhaki.

Mai imani ne ko maɓoyin zindiƙi?

Tun yana raye aka fara wannan gardama. A Utrecht, shugaban jami'a Gisbertus Voetius, malamin Furotesta, ya sa aka haramta falsafarsa a 1642, aka kuma zarge shi da share wa musun Allah hanya. Daga ɓangaren Katolika an ruwaito Blaise Pascal yana cewa Descartes ya buƙaci Allah ne kawai ya tayar da duniya, daga nan ya ajiye shi. Rayuwarsa da wasiƙunsa dai suna nuna ɗan Katolika da bai bar cocinsa ba ko a ƙasar 'yan Furotesta. Mutuwar 'yarsa Francine a 1640, tana da shekara biyar, ta girgiza shi ƙwarai, bai kuma fita daga addini ba. Sai dai masu tsoronsa ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Hanyar da ta sa hankalin mutum ɗaya ya zama alƙalin farko, waɗanda suka zo baya sun ɗauke ta sun kai ta inda shi ya ƙi zuwa.

Stockholm da abin da ya biyo baya

A 1649 Sarauniya Christina ta Suwidin ta gayyace shi, ya isa Stockholm a watan Oktoba. Mutumin da ya saba kwanciya har hantsi yana nazari, sai aka sa masa darasi da ƙarfe biyar na asuba a tsakiyar hunturu. Ciwon huhu ya kama shi a gidan jakadan Faransa Pierre Chanut, ya rasu ranar 11 ga Fabrairu 1650 yana da shekara 53. Daga baya aka mayar da ƙasusuwansa Paris.

A 1663 Roma ta sa littattafansa cikin jerin haramtattu har sai an gyara, a 1671 kuma Sarki Louis na Goma Sha Huɗu ya hana karantar da sabuwar falsafar a jami'ar Paris. Haramcin bai hana ta yaɗuwa ba. Abin da ya kayar da kimiyyarsa, daga fagen ilimi ya zo, ba daga hukuma ba. Descartes ya ce babu sararin da ba komai a cikinsa, kuma duniyoyi suna zagaya rana ne saboda guguwar wasu ƙananan ƙwayoyi tana ɗauke da su. Isaac Newton, yana ɗalibi a Cambridge, ya koyi sabon lissafi daga fassarar Latin ta littafin jometirin Descartes da Frans van Schooten ya fitar. A 1687 Newton ya buga nasa littafin, inda ya nuna da lissafi cewa irin wannan guguwa ba za ta iya ba da tafiyar duniyoyi yadda masanin taurari Kepler ya auna ta ba. Jami'o'in Faransa sun ci gaba da riƙe guguwar Descartes na wasu shekaru gommai, kafin su koma ga Newton wajen tsakiyar ƙarni na 18.